Farautar Barewa a Gonakin Amurka: Matsayin Baƙon Mafarauci

Gabatarwa

A duk shekara, da zarar watan Oktoba ya raba tsakiya, manyan hanyoyin da suka ratsa tsakiyar ƙasar Amurka kan cika da motocin a-kori-kura ɗauke da bakuna da bindigogi da akwatunan ƙanƙara. Masu waɗannan motoci mafarauta ne da suka baro jihohinsu, kamar Fensilbaniya da Jojiya da Filorida, suka nufi jihohin noma irin su Ayowa da Ilinoi da Misuri da Kansas domin farautar barewa. Wasu kan kwana biyu a hanya, kuma galibi mako guda kacal suke da shi kafin hutun aikinsu ya ƙare. Yawancinsu ba sababbin shiga ba ne, domin tun suna yara suke bin iyayensu daji. Sai dai ƙwarewar da mutum ya samu a dajin garinsu ba ta cika wadatar da shi ba idan ya sauka a ƙasar da bai san dokarta ba, bai san mutanenta ba, bai kuma san inda dabbarta ke kwana ba. Baƙo, in ji Hausawa, ko da ido makaho ne.

Tushen wahalar baƙon mafarauci a Amurka abu guda ne, wato dabbar ta jama'a ce, amma ƙasar da take takawa ta mutum ɗaya ce. Hukumar jiha ke ba da izinin kashe dabbar, mai gona ke ba da izinin taka ƙasar, kuma izinin wannan ba ya tsayawa a madadin izinin wancan. Duk sauran abubuwan da za a yi bayani a kansu daga wannan tushe suka tsiro.

Wace Irin Barewa Ce?

Kalmar barewa a nan aro ce, domin dabbar da ake magana a kanta ba ita ce barewar da Bahaushe ya sani ba, ko da yake sun yi kama a ƙira da saurin gudu. Ana kiranta barewa mai farar wutsiya, saboda idan ta firgita takan ɗaga wutsiyarta, farin da ke ƙarƙashi ya bayyana, sauran 'yan uwanta su ankara. Babban bambancin yana ga ƙaho. Barewar ƙasar Hausa ƙahonta ɗaya ne har ta mutu. Ita kuwa wannan, namijin ne kawai, wato kishimi, ke da ƙaho, kuma ƙashi ne tsantsa mai rassa kamar na itace. Yakan faɗi a ƙarshen hunturu, tsakanin Janairu da Maris, sabo ya tsiro da bazara. Girman ƙahon ya danganta da shekarun dabbar da abincin da ta samu da kuma gadon jininta, kuma bai cika kai matuƙa ba sai kishimi ya shekara biyar ko shida.

Wajen shekarar 1900 an kusa ƙarar da wannan dabba, saboda sare dazuzzuka da kuma farautar kasuwa, inda ake kashewa ba adadi ana kai nama da fata birane. Masana sun ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a lokacin ba su wuce 500,000 ba a duk faɗin ƙasar. Jihar Ayowa ta haramta farautarta a 1898, ba ta sake buɗewa ba sai 1953. Kansas kuwa sai 1965. Dokoki biyu na tarayya sun taimaka wajen farfaɗo da ita. Dokar Lacey ta 1900 ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 kuma ta keɓe harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai domin kula da namun daji. A yau adadin barewar ya kai kimanin miliyan 30, har ta zama abin kuka ga manoma da direbobi, domin a kowace shekara motoci fiye da miliyan guda kan yi karo da ita.

Abin da ke jan baƙi zuwa jihohin noma shi ne girman kishimansu. Ƙasar tana da albarka, masara da waken soya sun wadata, saboda haka dabbar ba ta san yunwa ba, har riƙaƙƙen kishimi kan haura kilo 100. Akwai kuma dalili na doka. Lokacin barbarar barewa watan Nuwamba ne, kuma a nan ne kishimi kan yi sakaci, ya riƙa yawo da rana tsaka yana neman mace. Ayowa da Kansas sun ɗage babbar farautar bindiga zuwa Disamba, bayan barbara ta lafa, sai ya zamana masu baka ne ke cikin daji a lokacin da dabbar ta fi sauƙin samu. Ta haka kishimai da yawa kan tsira har su manyanta. A watan Nuwamba na 2018, wani baƙo daga jihar Bajiniya ya harbi wani kishimi da baka a gundumar Edgar ta jihar Ilinoi, wanda ma'aunin ƙahonsa ya haura inci 327, kuma labarinsa ya game ƙasar. Irin wannan labari ne ke sa mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru domin tafiyar mako guda.

Izinin Hukuma

A Ingila ta dā, naman daji na sarki ne da masu manyan filaye. Amurkawa suka ƙi wannan tsari, suka ɗauki naman daji a matsayin amanar jama'a da ke hannun kowace jiha. Ke nan, kowace daga cikin jihohi 50 tana da hukumarta da dokokinta da ranakun buɗewa da rufewa, kuma lasisin wata jiha ba ya aiki a wata.

Da yake amanar ta mutanen jihar ce, baƙo ba ya samun daidai da ɗan gida. An kai wannan batu gaban Kotun Ƙoli a shari'ar Baldwin, wadda aka yanke a 1978. A jihar Montana, a 1976, ɗan jiha kan biya dala 9 ya farauci wata babbar dabba dangin barewa da ake kira elk, shi kuwa baƙo sai ya sayi haɗaɗɗen lasisi na dala 225. Kotun ta yanke cewa farautar nishaɗi ba ta cikin muhimman haƙƙoƙin da dole jiha ta daidaita ɗan gida da baƙo a kansu. Tun daga nan jihohi suka samu damar tsawwala wa baƙi kuɗi da kuma ƙayyade yawansu.

Ayowa ita ce misalin da ya fi fito da wannan fili. Lasisin da ke ba baƙo damar harbin kishimi guda 6,000 ne kacal a shekara, an kuma rarraba su shiyya-shiyya. Ana neman su ne tun watan Mayu, a yi ƙuri'a. Wanda bai dace ba yakan samu maki guda, kuma mai maki da yawa shi ke kan gaba a shekara mai zuwa. A shiyyoyin kudancin jihar, inda aka fi rububi, mai baka kan jira shekara huɗu ko biyar, wani lokaci fiye. Idan ya dace, abin da zai biya ya haura dala 600, alhali ɗan jiha bai kai ga biyan dala 100 ba. Haka kuma duk wanda aka haifa bayan 1 ga Janairu, 1972 sai ya nuna shaidar ya yi kwas ɗin koyon ƙa'idojin farauta.

Abin da ya fi jefa baƙo cikin matsala ba kuɗi ba ne, sabo ne. Mutumin da ya fito daga wasu jihohin kudu ya saba korar barewa da karnuka, abin da doka ta hana a jihohin noma na tsakiya. A Kansas an yarda a zuba masara a filin da ba na gwamnati ba domin jawo dabba, amma a Ayowa da Ilinoi yin haka laifi ne. Ba a harbi sai daga rabin sa'a kafin fitowar rana zuwa rabin sa'a bayan faɗuwarta, kuma haska dabba da fitila da dare domin a harbe ta babban laifi ne. Wanda ya karya doka a baƙunta kuma ba ya tsira don ya koma gida. Akwai yarjejeniyar da jihohin Kolorado da Nebada da Oregon suka fara a 1989, wadda yanzu kusan duk jihohi suka shiga, ta yadda idan an ƙwace wa mutum lasisi a wata jiha, sauran ma za su iya hana shi.

Izinin Mai Gona

Wanda ya riƙe lasisi bai riƙe komai ba tukuna sai takarda. A Ayowa da Ilinoi da Kansas, fiye da kashi 95 cikin 100 na ƙasa mallakar mutane ce, kuma shiga gonar wani da makami ba da izini ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. A nan ma jihohi sun sha bamban. A Dakota ta Arewa da wasu jihohin arewa maso gabas, filin da mai shi bai kafa alamar hani ba ana iya shigarsa. A jihohin da ake magana a kansu kuwa, ba a ɗaukar rashin alama a matsayin izini. Wasu, kamar Misuri tun 1993 da Ilinoi tun 2011, sun amince mai fili ya shafa fenti shunayya a jikin itatuwa da turakun shinge, kuma wannan fenti daidai yake da allon da aka rubuta hani. Baƙon da bai san ma'anarsa ba zai iya wuce shi yana zaton ado ne.

Wannan ya sha bamban da abin da aka saba gani a ƙasar Hausa, inda da zarar an kawar da amfanin gona da kaka, mafarauta kan ratsa gonaki da saurukan da ke tsakanin ƙauyuka ba tare da an nemi mai kowace gona ba, illa dai a sanar da masu gari da shugabannin mafarauta. A can Amurka iyakar gona ba ta kaucewa don an yi girbi.

Kafin a nemi izini, sai an san wa za a tambaya, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Fiye da rabin gonakin Ayowa haya ake nomawa. Mai gonar na iya zama tsohuwar da mijinta ya rasu ta koma gari, ko magajin da ke zaune a wata jiha bai taɓa riƙe fartanya ba, wanda ke kan tarakta kuma ɗan haya ne. A dā ana sayen littafin taswirar gunduma mai ɗauke da sunan mai kowane fili. Yanzu manhajojin waya irin su onX kan nuna iyakoki da sunaye, har da inda mutum yake tsaye. Duk da haka, manhaja ba ta faɗin wanda ke da ta cewa a kan farauta. Mai hankali kan nemi yardar mai gona da ta ɗan haya baki ɗaya, kuma a rubuce.

Neman izinin kansa yana da ladubba. Mafi kyawun lokaci shi ne bazara ko tsakiyar damina, ba jajibirin buɗe farauta ba. A watan Oktoba manomi yana kan injin girbi tun asuba har dare, yana tsere da ruwan sama da dusar ƙanƙara, kuma wanda ya tsayar da shi a wannan hali ya riga ya ɓata rawarsa da tsalle. Ana so baƙo ya je shi kaɗai ko su biyu, cikin tufafin gida, ba da kayan farauta da bindiga a kafaɗa ba, ya faɗi sunansa da inda ya fito da lambar motarsa da ranakun da yake so. Ya kuma tambayi inda shanu suke da inda ba a son mota ta bi. Abubuwan da ke sa manomi ya rufe gonarsa har abada ƙanana ne a idon baƙo: ƙofar shingen da aka bari a buɗe shanu suka fita titi, ko tayar mota da ta kafta ramuka a jiƙaƙƙiyar gona, ko ƙusar da aka buga a jikin itacen katako, ko kuma mutum ɗaya da aka ba izini ya dawo da abokai biyar.

Akwai wani abin lura da baƙi da yawa ba su cika fahimta ba, wato buƙatar manomi da ta mafarauci ba ɗaya ba ce. Baƙo ya zo neman kishimi mai manyan ƙahoni, zai kuma ƙyale mata ashirin su wuce yana jira. Shi kuwa manomi, barewa ɓarna ce gare shi, tana cinye masa waken soya tun yana tsiro, tana karya masa masara. Kashe kishimi ɗaya ba ya rage garke, domin mata ke haihuwa, kuma a ƙasa mai abinci galibi tagwaye suke haifa. Saboda haka baƙon da ya yi alkawarin fara harbin mace ɗaya ko biyu, ya kuma cika, ya fi kusa da samun izini a baɗi fiye da wanda ya zo da tsaraba kawai.

Daga shekarun 1990 zuwa yau kuɗi ya shigo cikin al'amarin. Masu hali kan yi jingar haƙƙin farautar gona na shekara, wasu kamfanoni kuma kan haɗa gonaki da yawa su riƙa saukar da baƙi a kan dubban daloli a mako. Manomi ya samu ƙarin abin shiga, ba kuma za a ga laifinsa ba. Amma maƙwabcin da ya tashi yana farauta a wannan kurmi kyauta tun zamanin kakansa sai ya wayi gari an garƙame ƙofa. Wannan ne asalin tsamin dangantakar da baƙo kan tarar a wasu ƙauyuka, ko da shi kansa bai yi jingar komai ba, domin lambar motarsa ta riga ta nuna daga inda ya fito. Shi ne kuma dalilin da ya sa duk lokacin da aka kawo shawarar ƙara yawan lasisin baƙi a majalisar jiha, mafarautan gida kan tashi tsaye. Ga wanda ba shi da kuɗin jinga akwai filayen gwamnati, sai dai sukan cika da mutane. Akwai kuma tsarin da Kansas ta fara a 1995, inda hukuma ke biyan manomi ya buɗe gonarsa ga duk mai lasisi, bisa sharaɗin a shiga da ƙafa. Filayen da ke cikin wannan tsari sun haura eka miliyan guda.

Karanta Ƙasa

Idan an samu izini, saura dabbar. Mafaraucin da ya saba da duhuwar daji mai tsawon mil da yawa, idan ya fara ganin ƙasar noma sai ya ga kamar babu inda ko zomo zai ɓuya. Tun dokar awon ƙasa ta 1785 aka yanka wannan yanki murabba'i-murabba'i, kowane mil guda a tsaye mil guda a kwance, wato eka 640, hanyoyin tsakuwa kuma suka bi layin awon. Kurmi bai kai kashi 10 cikin 100 na ƙasar Ayowa ba. Amma wannan ƙarancin shi ne gatan baƙo, domin inda maɓoya ta yi kaɗan, hanyar dabba ba ta da wuyar ganewa.

Rayuwar barewa a tsakanin abu biyu take, makwanci da wurin kiwo. Da rana takan kwanta a cikin sarƙaƙiya ko doguwar ciyawa, da yamma ta fito gona, kafin gari ya waye ta koma. Ba ta son ratsa fili fetal, saboda haka takan bi bakin rafi, ko layin itatuwan da ke jikin shinge, ko kwazazzabon da tarakta ba ta iya shiga. Inda kurmi biyu suka haɗu da siririn layin itatuwa, nan ne mashigar da kusan duk dabbar yankin za ta bi, musamman kishimi a lokacin barbara, sa'ad da yake zagaya makwantan mata ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan wuri ana iya gano shi a hoton tauraron ɗan'adam tun mutum yana gidansa. Haka nan filayen da gwamnati ke biyan manoma su bar su ga ciyawa, a ƙarƙashin wani shiri da aka kafa a 1985 don hana zaizayar ƙasa, sun zama manyan makwantai, ko da babu itace ko ɗaya a cikinsu.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne halin da gona take ciki a wannan mako. Masarar da ba a girbe ba ta fi mutum tsawo, kuma barewa kan shige cikinta ta ci, ta kwanta, ta yi kwanaki ba ta fito ba. Ranar da injin girbi ya share eka ɗari, duk dabbobin da ke ciki sai su koma kurmi mafi kusa, wurin da jiya babu komai yau ya cika. Gonar da aka girbe aka bar ta da karmami tana jan dabba saboda ƙwayar da ta zube, amma da zarar an bi ta da garma, amfaninta ya ƙare. Don haka tambayar da ta fi kowace daraja ga baƙo ita ce: wace gona za a girbe gobe? Manomi ne kawai zai amsa ta. Bayan shi akwai mai raba wasiƙu da direban motar 'yan makaranta, waɗanda ke bin hanyoyin karkara da sassafe, sun kuma san inda dabba ke tsallaka titi. Jami'in kula da namun daji na gunduma ma yakan ba da shawara ga wanda ya kira shi. Da ɗan gari akan ci gari.

A ƙasa kuma akwai alamomi. Ban da sawu da kashi, kishimi kan goge ƙahonsa a jikin ƙananan itatuwa har ɓawo ya saɓule, kuma kaurin itacen da aka goge kan nuna girman mai gogewar. Yakan kuma share ƙasa da kofato a ƙarƙashin wani reshe mai sunkuyowa, ya yi fitsari a wurin, ya shafa goshinsa a reshen, domin sanar da sauran cewa yana nan. Sai dai neman waɗannan alamomi yana da haɗari. A babban daji, dabbar da aka firgita takan matsa gaba kaɗan ta ci gaba da harkarta. A kurmin da bai wuce eka goma ba kuwa, ratsawa sau ɗaya ta isa ta kore ta zuwa gonar maƙwabci, inda baƙo ba shi da izini, kuma ba lalle ta dawo kafin makonsa ya ƙare ba. Shi ya sa ƙwararru kan sadaukar da yammacin farko, su tsaya a gefen hanya da madubin hangen nesa, su ga inda dabba ke fitowa, kafin su taka ko'ina.

Kariyar barewa mafi ƙarfi hancinta ne. Tana iya shinshino mutum daga nesa mai yawa idan iska ta kaɗo daga wajensa. Ke nan, wurin da ya dace yau da iskar arewa maso yamma, gobe idan ta juyo daga kudu ya zama wurin ɓata lokaci. A ƙasa mai kwari da tudu akwai ƙarin abin kula: da hantsi iska mai ɗumi kan hau sama, da maraice mai sanyi kan gangaro kwari ɗauke da warin mutum. Hanyar zuwa maɓoya ma tana da muhimmanci kamar maɓoyar kanta. Wanda ya ratsa gonar masara da asuba ya tarwatsa dabbobin da ya zo nema tun bai zauna ba. Gara ya zagaya ta cikin rafi ko ta bayan tudu, ko da tafiyar ta ninka.

Makami da Kiyaye Rai

Yawancin farautar nan ta dako ce. Mafarauci kan ɗaura ɗan dandamali a jikin itace, kimanin ƙafa 15 zuwa 20 daga ƙasa, ya zauna sa'o'i cikin sanyin da kan daskarar da ruwa. Mai baka ba ya saki sai dabba ta matso kamar taku 20 zuwa 30. Faɗowa daga irin wannan dandamali shi ne kan gaba wajen jikkata mafarautan barewa, ya ma fi harbin kuskure, kuma haɗarin ya fi tsanani ga baƙo, tunda ba wanda ya san itacen da ya hau. Wajibi ne ya ɗaure kansa da ɗamarar tsaro tun daga ƙasa, ya kuma gaya wa mai gona inda zai zauna da lokacin fitowarsa.

Da yake ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gidaje da garken shanu kuma suna warwatse ko'ina, Ayowa da Ilinoi sun daɗe suna hana bindiga mai dogon zango, sai mai harba curin dalma guda da kuma ta ɗuri ta baki, mai kama da adaka. Ayowa ta sassauta a 2017, Ilinoi kuma a 2023, amma ga wasu nau'o'in harsashi kawai, don haka bindigar da baƙo ya saba da ita a gida tana iya zama haramtacciya. A Ayowa ba a harbi a cikin tazarar yadi 200 daga gidan da mutane ke ciki ko wurin turken dabbobi sai da yardar mai shi. A lokacin farautar bindiga dole a sa riga mai launin ruwan lemo mai ƙyalli. Mutum na hango ta daga nesa, ita kuwa barewa idonta bai cika bambance ja da ruwan lemo daga launin ciyawa ba.

Bayan Harbi

Dabbar da kibiya ta sama ba ta cika faɗuwa nan take ba. Takan ruga, a bi jininta bayan an ɗan jira, kuma sau da yawa sawun kan kai mutum ga shingen da izininsa ya ƙare. Dokar Ayowa ta yarda a bi dabbar da aka raunata zuwa filin wani, muddin an ajiye makami aka kuma bi hanya mafi kusa. A Ilinoi da Misuri kuwa sai an nemi mai filin, idan ya ƙi, dabbar ta tafi ke nan, ko da ana hango ta kwance. Saboda haka mai lura kan gaisa da maƙwabtan gonar, ya karɓi lambobin wayarsu tun kafin ya ɗana kibiya.

Da an samu dabbar, sai a ɗaura mata takardar shaidar da ke tare da lasisi kafin a ɗauke ta, a kuma sanar da hukuma ta waya ko intanet. A Ayowa wa'adin sanarwar shi ne tsakar daren washegari. Da waɗannan rahotanni ne hukuma ke tsara yawan lasisin baɗi. Doka ta hana sayar da naman, amma ana iya kyautar da shi. Tun 2003 Ayowa ke da shirin da mafarauci zai kai dabba mahauta, a niƙa naman, a raba wa mabuƙata.

Komawa gida da dabbar yana da nasa sharaɗin, saboda wata cuta mai ramar da barewa har ta mutu. An fara lura da ita a 1967 a wata cibiyar bincike a Kolorado, ta bayyana a barewar daji a Wiskonsin a 2002, a Ayowa kuma a 2013. Ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba, wani gurɓataccen furotin ne da ke taruwa a ƙwaƙwalwa da laka, ba ya mutuwa da dahuwa, kuma yakan daɗe a cikin ƙasa shekaru. Ba ta da magani. Ba a tabbatar da ta kama ɗan'adam ba, amma hukumomin lafiya sun gargaɗi mutane kada su ci naman dabbar da gwaji ya nuna tana da ita. Gawa guda da aka ɗauko daga yankin da cutar take, aka yar da ƙasusuwanta a bayan gida mil dubu daga can, tana iya dasa cutar a sabon wuri. Don haka jihohi da yawa sun hana shigo da gawar barewa sukutum. Abin da aka yarda baƙo ya tsallaka iyaka da shi shi ne tsokar da aka cire daga ƙashi, da fata, da ƙaho tare da ƙoƙon kan da aka wanke tas babu ɓurɓushin ƙwaƙwalwa. Sauran kuwa, wato kai da ƙashin baya, sai a bar su a gundumar da aka yi harbin, a binne su ko a kai su juji na hukuma.